Waiwaye: Daga Kaɗa Zuwa Zinariya, Wace Sana'a Ce Ta Riƙe Zamfara?

A watan Disambar 2024 Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adanai a Zamfara, wanda aka ƙaƙaba tun Afrilun 2019. Tun daga lokacin magana ta dawo bakin mutane a Gusau da Anka da Maru: ga zinariya a ƙarƙashin ƙafarmu, in aka buɗe harkar jihar za ta fita daga talauci. Ina fatan haka ta tabbata. Amma wannan ba shi ne karo na farko da aka nuna wa Zamfarawa wani abu aka ce shi zai ɗaga su ba. An faɗa a kan kaɗa, wato auduga, an faɗa a kan madatsar Bakolori, kuma abin da ya biyo bayan kowanne ya isa a zauna a duba.

Masana tattalin arziki suna auna gudunmawar kowane fanni da kason da yake bayarwa a jimillar abin da ƙasa ta samar a shekara. Da wannan ma'auni, lokacin da Nijeriya ta samu 'yanci a 1960 noma ne ke ba da fiye da rabi. Yau ya koma wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Man fetur, da duk sunan da ya yi, bai kai kashi 10 cikin 100 ba a 'yan shekarun nan, ko da yake shi ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje. Ma'adanai irin su zinariya kuwa sun yi shekara da shekaru ba su kai kashi 1 ba. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafi a 2014, arzikin Nijeriya na shekara ya kai dala biliyan 510, ya wuce na Afirka ta Kudu, sai aka ga kusan rabin arzikin daga ciniki da sadarwa da bankuna da sufuri da makamantansu yake fitowa.

Waɗannan alƙaluma gaskiya ne, amma ba sa gaya maka abin da mutumin Kaura Namoda yake son ji. Tambayarsa ita ce: kafin kayan ya bar garinmu, hannu nawa ya ratsa, kuma mutum nawa suka ci abinci a kansa? Da wannan tambayar nake son a duba tarihinmu.

Kaɗa ta girmi Turawa a wannan ƙasa. Tun kafin zuwansu mata suna gurza ta a kan magurji, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su ɗauka. Abin da Turawa suka kawo shi ne sabuwar hanyar fitar da ita. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don samar wa masaƙun can auduga, ya kakkafa gidajen gurza a Arewa, Gusau na cikin garuruwan da suka samu. A 1929 titin jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya a Kaura Namoda. Wannan layin shi ya mayar da Gusau babbar cibiyar kasuwanci. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, Yarabawa da Inyamurai suka zo suka cika Sabon Gari, gyaɗa da kaɗa da fatu suka riƙa gangarawa teku.

Kada a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. An shimfiɗa layin ne don kwasar kaya, kuma yadin Ingila da ya dawo ya karya masaƙan gida da yawa. Hukumar cinikin auduga da aka kafa a 1949, wadda ta koma hannun Jihar Arewa a 1954, tana sayen kaɗar manomi ƙasa da farashin duniya, ta riƙe rarar. Manomi ya ƙwaru a wannan ciniki, babu ja. Sai dai akwai abin da tsarin ya ba shi wanda har yau ba a maye gurbinsa ba. Ana raba masa angurya ta shuka kyauta. Ya san farashi kafin ya kai kaya. Ya san ranar da za a buɗe fuloti, wato wurin awo da sayen kaɗa. Dattawan da suka ga lokacin suna ba da labarin ranar awo: jakuna da raƙuma a jere tun asuba, malamin duba ya cusa hannu cikin ƙunshi ya zaro ya ga ko akwai datti ko an yayyafa ruwa, ya yanke daraja, a ɗora a sikeli, a ƙirga wa mutum kuɗinsa a hannu. Da kuɗin nan ake biyan haraji, a yi auren 'ya'ya, a sayi keke ko rediyo. Masu tuwo da masu fura da teloli da 'yan dako duk sun san kakar kaɗa ta zo.

Babban sauyi ya zo ne da aka fara saƙa kaɗar a gida. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, Gusau ma ta samu tata, Masaƙar Zamfara, wadda ke cikin rukunin kamfanin saƙa na UNTL da ke Kaduna. Ga kuma kamfanin matsar mai, inda angurya da gyaɗa ke zama mai, tunkuzar ta koma abincin shanu. Yanzu a ƙirga hannuwan: manomi, ɗan ƙwadagon tsinka, mai jaki, mai awo, ma'aikacin gidan gurza, direba, ma'aikacin masaƙa, makanikin da ke gyara inji, ɗan kasuwar yadi, tela, sannan makiyayin da ya sayi tunkuza. Amfanin gona guda ɗaya ke nan. Kuma albashin masaƙa wata-wata yake zuwa, rani da damina. Mai gidan haya ya san ranar da zai karɓa, mai kanti yana ba da bashi da kwanciyar hankali, matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa ta san ƙarfe nawa jiniya za ta yi kuka masu aikin safe su fito. A farkon shekarun 1980 Nijeriya tana da masaƙu fiye da 100, kuma babu masana'antar da ta kai su ɗaukar ma'aikata. A nawa ganin, wannan ne lokaci guda da Zamfara ta kusa samun abin da ake kira tattalin arziki mai tsayuwa da ƙafarsa.

Man fetur bai kashe wannan tsari rana ɗaya ba. An gano shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, amma sai a shekarun 1970 kuɗinsa ya malalo. Naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi araha, gwamnati ta daina dogara da abin da manomi ya noma don ta biya albashi. Da gwamnati ba ta buƙatar kuɗin kaɗa, sai kulawarta da kaɗa ta ragu. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, ta karya darajar naira. An ce kasuwa za ta gyara komai. Farashi ya ɗan tashi wa manomi, amma iri ya gauraye, duba daraja ya tsaya, masaƙu suka kasa sayen kayan gyara daga waje. Sai rashin wuta, sai tsadar baƙin mai, sai atamfar Sin da ke shigowa ta iyakokin Nijar da Binin. A shekarun 2000 masaƙar Gusau ta yi shiru, uwarta UNTL ta Kaduna ma ta rufe a 2007.

Kuɗin man ya dawo Zamfara ta wata hanya, a yi masa adalci. A tsakiyar shekarun 1970 Gusau na cikin wurare uku na farko, tare da Funtuwa da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya, aka yi hanyoyin karkara da rumbunan taki. Aka kuma gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya kammala ta a 1978, da niyyar ba dubban kadada ruwa. Amma an yi aikin a kan manoma ba tare da su ba. An karɓe gonaki, diyya ta yi jinkiri, mutane suka yi damina ba shuka, waɗanda ke fadamun ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita. Da suka tare hanyoyi a 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a watan Afrilu, aka kashe manoma da yawa, adadin da har yau ake jayayya a kansa. Bakolori tana nan, ana noman shinkafa da kayan lambu a ƙarƙashinta, kuma dubban iyalai na ci daga gare ta. Abin da ba a taɓa ginawa a gefenta yadda ya kamata ba shi ne manyan injinan da za su sarrafa abin da ta noma.

Sai zinariya. An daɗe da sanin tana nan, ana ɗan wanke ta a rafuka. Abin da ya sauya shi ne farashi: daga kusan dala 800 kowane oza a 2008 ya haura 1,200 a 2010, ya kusa 1,900 a 2011. Matashin da gona ba ta riƙe shi ba, masaƙa kuma babu, ya ɗauki diga ya shiga rami. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka riƙa kawo dutse cikin gida a buhu, a farfasa, a zuba a injin niƙan da ake niƙa dawa, a wanke garin a kwano, a kama ƙwayar da zaiba. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta hau tabarma da ƙwarya, yara na rarrafe a kanta suna kai hannu baki. Dutsen kuwa cike yake da dalma mai guba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa da jijjiga a Yargalma da Dareta da wasu ƙauyuka. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Bagega, inda abin ya fi yawa, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Iyayen nan ba sakaci ne ya kai su ba, neman abin sawa a bakin salati ne, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin dutsen.

A ƙirga hannuwan da zinariya ke ratsawa: mai haƙa, mai niƙa, mai wanki, dillali. Daga nan ta shige aljihu, ta tsallaka iyaka, mafi yawanta ta nufi Dubai ba tare da ta shiga littafin kowa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko wadda aka haƙa bisa ƙa'ida ma, tsarin mulki da dokar ma'adanai ta 2007 sun ɗora mallakar a hannun gwamnatin tarayya, jiha sai dai ta jira kashi 13 na abin da aka tara, in an tara. Shi ya sa Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, har yau da kason wata-wata daga Abuja take biyan albashi, duk da zinariyar da ake ta zance.

Akwai fannin da ba mu san nauyinsa ba sai da aka ɗauke shi. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, duk don a matsa wa 'yan bindiga. Nan take masu POS suka zauna, ɗan kasuwa ya koma tafiya Funtuwa don ya buga waya ko ya tura kuɗi, mai akuya biyu ya rasa inda zai sayar ya sayi hatsi. Wayar salula da ta shigo a 2001 da kasuwanni irin na Shinkafi da Talata Mafara ashe su ne ke haɗa sauran sana'o'in. Sai dai waya da kasuwa kaya suke juyawa, ba su ke samar da shi ba.

Maƙwabtanmu na Kebbi sun gwada wata hanya. A Nuwambar 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. Shirin bashin ya sha suka, kuɗi da yawa ba su dawo ba, ambaliyar 2020 kuma ta cinye gonaki masu yawa. Duk da haka manomin Suru ko Argungu ya san akwai injin da ke jiran shanshararsa a cikin jiharsa, kuma buhun da ya fita an riga an casa shi a gida.

Mu a nan gidajen gurza na Gusau ba su ɓace duka ba, kuma ƙasar kaɗa tana nan daga Tsafe zuwa Bungudu da Maru. Abin da ya tsaya a gaba shi ne manomi ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, a wurare da yawa sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Babu mai zuba jari a masaƙa ko injin casa a inda kayan aikinsa ke hannun mai bindiga. Game da zinariyar da aka buɗe kuwa, abin da ya kamata majalisar jiha da sarakunanmu su nema a rubuce kafin kowane kamfani ya kafa inji shi ne: a ina za a niƙa dutsen, wa zai riƙa auna jinin yaran ƙauyen, 'yan gari nawa za a ɗauka aiki da albashi, kuma a wace cibiya cikin Zamfara za a auna zinariyar a rubuta nauyinta kafin ta hau mota.