Mene ne MIMO, kuma me ake nufi da tsarin Alamouti?

Idan ka duba kwalin sabuwar waya ko na'urar Wi-Fi, za ka iya ganin an rubuta "2x2 MIMO". Ana furta kalmar "maimo". Abin da take nufi shi ne eriya fiye da ɗaya a wajen mai aika saƙo, haka ma a wajen mai karɓa. Biyu sau biyu ɗin nan, eriya biyu ke aikawa, biyu ke karɓa.

To me ya kawo buƙatar hakan? Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakar gida yana ɗaga waya sama, ya matsa taku ɗaya sabis ya dawo, ya riga ya ga matsalar da idonsa. Sigina ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani ya zo kai tsaye daga ƙarfen sabis, wani ya bugi katanga, wani ya daki rufin kwano sannan ya iso. Idan suka haɗu a kan eriya, wani lokaci su ƙarfafa juna, wani lokaci su kashe juna. A zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4, matsawar santimita shida kawai na iya sauya labari. Saboda haka da wuya eriya biyu da ke da ɗan tazara su rasa sigina lokaci guda.

Sai dai aika saƙo iri ɗaya ta eriya biyu a tare ba ya magance komai, domin su ma za su iya kashe juna a hanya. Nan ne dabarar Siavash Alamouti, injiniya haifaffen Iran, ta shigo a 1998, kuma ni dai sauƙinta ne ke burge ni.

A ɗauki guntayen saƙo biyu, a kira su A da B. A zagaye na farko, eriya ta ɗaya ta aika A, ta biyu ta aika B. A zagaye na biyu sai su yi musaya: ta ɗaya ta aika B, ta biyu ta aika A, amma kowanne an juya shi kamar hoto a madubi, kuma an sa wa B alamar ragi. Wannan juyin da ragin su ne sirrin. Wayar da ta karɓi cakuɗen, ko da eriya ɗaya tal gare ta, da ɗan lissafin ninkawa da tarawa za ta ware A daban, B daban. Kowane guntu ya bi hanya biyu, idan ɗaya ta mutu ɗaya na nan. Gudu bai ragu ba, tunda saƙo biyu ne a zagaye biyu, kuma ƙarfen sabis ba ya jiran waya ta faɗa masa halin da hanya ke ciki. Nauyin ƙarin eriya ya koma kan ƙarfen, inda akwai fili da wuta.

Akwai wani salon kuma wanda gudu yake nema: kowace eriya ta ɗauki nata saƙon daban. Arogyaswami Paulraj na Jami'ar Stanford da Gerard Foschini na cibiyar bincike ta Bell Labs na cikin waɗanda suka share wannan hanya a shekarun 1990. Yana buƙatar eriya da yawa a ɓangaren mai karɓa da sigina mai ƙarfi.

Wayar 4G na amfani da duka biyun. Kusa da ƙarfen sabis ana raba saƙonni don sauri, idan ka yi nisa ko mota na gudu da kai, sai a koma wani nau'i na tsarin Alamouti don kada layi ya yanke.