Ƙa'idar karɓar baƙuncin Olamfik: a yi amfani da filin da ake da shi kafin a gina sabo

A da, kusan duk birnin da ke neman baƙuncin wasannin Olamfik sai ya yi alkawarin gina sababbin filaye da masaukin 'yan wasa, sannan bayan mako biyu da 'yan kwanaki baƙi su watse su bar shi da bashi. Birnin Montiriyal na Kanada, wanda ya karɓi gasar 1976, bai gama biyan bashin ba sai a 2006. Da birane suka farga sai suka fara zame jiki, har ta kai a takarar gasar hunturu ta 2022 Oslo da Stokholm da Krakow suka janye, aka bar Beijin da Almaty kaɗai.

Wannan ne ya sa kwamitin Olamfik na duniya ya amince da shawarwari 40 a taronsa na Monako cikin Disambar 2014, ya ƙara da gyare-gyare 118 a 2018, sannan ya gyara kundin dokokinsa a 2019. Manufarsu duka ita ce a yi daidai ruwa daidai tsaki, wato a tsara gasar gwargwadon ƙarfin mai masauki.

Babban sharaɗin shi ne na gine-gine. Ana son mai masauki ya fara da filayen da yake da su, ko na wucin-gadi da za a kwance bayan gasa, kuma ba za a duba batun sabon gini na dindindin ba sai an nuna wanda zai yi amfani da shi bayan an tashi, da yadda za a riƙa ɗaukar nauyinsa. Idan babu filin wani wasa a birnin, an yarda a kai shi wani gari ko ma wata ƙasa. A gasar Faris ta 2024, kashi 95 cikin 100 na wuraren wasa tsofaffi ne ko na wucin-gadi, yayin da Los Anjelis ta shirya gasar 2028 ba tare da gina sabon filin dindindin ba, 'yan wasa kuma za su sauka a ɗakunan kwanan ɗaliban jami'a. An kuma soke dokar zaɓen mai masauki shekara 7 kafin gasa, aka koma tattaunawa da masu sha'awa, domin rage kuɗin takara.

Mutumin Kaduna yana da dalilin bin wannan batu. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma a shekarar ce jihar ta karɓi bikin wasanni na ƙasa. Ƙa'idar ba ta shafi gasar FIFA ko ta cikin gida kai tsaye ba, amma a ganina ita ce ma'aunin da ya kamata mu riƙe, domin a ƙarƙashinta filin da aka kula da ciyawarsa da fitilunsa da banɗakunansa ya fi zanen sabon fili a takarda daraja. Irin wannan tunani ne ya ceci wasannin Komanwel (na ƙasashe rainon Ingila) na 2026: jihar Biktoriya ta Ostireliya ta janye a 2023 saboda tsada, Gilasgo ta Sikotilan ta karɓa bayan an rage wasannin zuwa 10.

Sai dai ƙa'idar ba haramci ba ce, kuma a nan rauninta yake. Birisben ta Ostireliya, wadda aka bai wa gasar 2032 bisa alkawarin dogaro da filayen da ake da su, gwamnatin jiharta ta sanar a 2025 cewa za a gina sabon babban fili. Idan kuma kuɗin gini ya haura kasafi, aljihun jama'ar ƙasar da ta karɓi baƙuncin ne yake cike giɓin.