Rawar hannun Baba ba lallai tsufa ba ce

A zagayen da muke yi gida-gida a Tudun Wada da Rigasa a Kaduna, mukan tarar da dattijo zaune a zaure, hannunsa ɗaya na rawa a kan cinya, yatsu na murzawa kamar mai jan carbi alhali ba carbin. Ka tambayi iyali, su ce maka makyarkyatar tsufa ce. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce shanyewar ɓarin jiki ce ke tafe. Sunan da aka laƙaba wa ciwon shi ke nuna inda za a kai mai shi, ko kuma a bar shi a gida.

Likitoci na kiransa cutar Fakinsan, sunan James Parkinson, likitan Landan da ya bayyana ta a 1817. Mu kan ce ciwon karkarwa, kodayake sunan na yaudara, don akwai masu cutar da ba sa karkarwa sam. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsi, suna mutuwa sannu a hankali. Sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sage, taku ya gajarce ana jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance. Fuska kan daskare har a zaci Baba fushi yake yi, alhali ba haka ba ne. Wasu tun da shekaru kafin nan suke fama da taurin bayan gida, ko hancinsu ya daina jin ƙamshi.

Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa. Cutar Fakinsan kuwa lallaɓowa take. Rawarta ta fi tsanani in hannu na hutawa, ta lafa in an miƙa shi ɗaukar kofi. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare. Ta fi kama waɗanda suka haura 60, amma Muhammad Ali ɗan dambe yana ɗan shekara 42 aka gano tasa, a 1984. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Ba a warkewa, gaskiya ke nan. Amma maganin levodopa kan sassauta jiki har mutum ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, musamman in an haɗa da tattaki kullum. Kada a tsayar da shi kwatsam ba da sanin likita ba.

Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya, ku tambayi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ku tafi da duk magungunan da Baba ke sha, har na kyamis, domin wasu magungunan amai da na taɓin hankali kan kawo irin wannan rawar.