Waiwaye: daga ina dokokin shiga, fashi da fita a makarantun sana'a suka samo asali?

Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin makarantar koyon sana'a ya san shafin nan da ake cewa sa hannu a ƙasa, fashi kaza a kore ka, makara uku a lissafa maka kwana ɗaya, in ka fita bayan sati kaza kuɗinka sun tafi. Mutane na ɗauka makarantun ne suka ƙirƙiro abun don takura, alhali ya girmi makarantar kanta, daga yarjejeniyar maigida da yaronsa ya taso.

Tun a dokokin Hammurabi na Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an rubuta cewa in mai sana'a ya ɗauki yaro ya koya masa aikin hannunsa to ba mai zuwa ya karɓe shi, in kuma bai koya masa ba yaron na da damar komawa gidan ubansa. Wato tun farko sharaɗin fita ya hau kan maigidan ma.

A Ingila kuwa dokar 1563 ta ce sai ka yi shekara 7 ƙarƙashin maigida kafin ka buɗe naka, kuma fita kafin lokaci tsere ne, daga baya har cigiyar yaran ake bugawa a jarida kamar an yi ɓatan kaya. Benjamin Franklin na Amurka ma haka ya yi, an ɗaure shi da yarjejeniyar koyon aiki a maɗaba'ar yayansa yana ɗan shekara 12, ya gudu a 1723. Sai 1814 Ingila ta soke tilascin.

Kiran suna a aji ya shigo ne da koyon ya koma makaranta. Jamusawa suka fi kowa tsara shi, Georg Kerschensteiner, shugaban makarantun birnin Munich, ya gyara makarantun yaran sana'a a can wajen 1900, a 1938 zuwa aji ya zama dole a ƙasar baki ɗaya, sannan dokar 1969 ta haɗa komai wuri guda. Abun da ya fi burge ni a tsarinsu na yanzu shi ne lokacin gwaji, wata 1 zuwa 4, a ciki kowa na iya cewa na fasa ba sai ya ba da dalili ba, amma da ya wuce maigida ba ya korar yaro sai da babban dalili, shi kuma yaron in ya ga sana'ar ba tasa ba ce ya ba da notis na sati 4 ya tafi. Kuma dole maigidan ya sake shi ya je aji, ba wai ya riƙe shi don aiki ya yi yawa ba.

A Amurka kuɗi ne ya tsaurara lissafin. Bayan dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 makarantun bogi suka yi ta tsirowa suna rubuta sunaye suna karɓar kuɗin gwamnati, shi ya sa aka koma ƙirga awa-awa da ranar ƙarshe da ɗalibi ya leƙo aji. Yau in da tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya kake karatu, ka fita kafin ka cinye kashi 60 cikin 100 na zangon, sai a mayar wa gwamnati ragowar tallafin, kuma sau da yawa ɗalibin ne ke tashi da bashin makaranta a wuya ba satifiket ba sana'a.

Ni fa ban ƙi a tsananta kan fashi ba, walda ko ɗinki ba a kwafarsu daga littafin aboki, wanda bai riƙe kayan aiki ba bai iya ba, wani aikin ma rai ne a ciki. Abun da ke damuna shi ne yawancin masu shiga waɗannan makarantu manya ne, masu iyali, masu neman na abinci da rana, matar da ta haihu ko wanda ya kwanta jinya sai a haɗa su layi ɗaya da wanda ya yi fashi don ganin dama. Tsarin Amurkan ya bar ƙofar hutu da izini har kwana 180 cikin wata 12 ba tare da an ɗauka ka fita ba, sai dai ba dole ba ne makaranta ta bayar, kuma sai ka nema a rubuce tun kafin ka daina zuwa, in ba wani abu ne ya faɗo maka ba zato ba.