Waiwaye: Yadda Horace Silver ya haɗa kiɗan coci da na Brazil a faifai ɗaya

A farkon 1965 kamfanin Blue Note ya fitar da Song for My Father, faifan jaz na makaɗin fiyano Horace Silver, amma saiwar abin ta daɗe a ƙasa. Tun 1947 mai busa ƙaho Dizzy Gillespie ya jawo mai ganga ɗan Kuba, Chano Pozo, cikin tawagarsa, gangunan Latin suka samu gindin zama a jaz. A tsakiyar shekarun 1950 kuma Silver da mai ganga Art Blakey suka mayar da jaz kusa da bulus da kiɗan cocin baƙar fatar Amurka, salon da aka riƙa kira hard bop ko soul jazz. Ana haka, a 1962, bossa nova, wani salon kiɗan Brazil, ta shigo Amurka kamar wutar daji.

Silver ya ziyarci Brazil ya dawo da wannan bugun a kunnensa. Da ya zauna tsara waƙar Song for My Father, wadda faifan ya ci sunanta, a kan bugun, sai amon ya fito irin na Kef Bade, tsibiran da ke yamma da gaɓar Senegal, inda aka haifi mahaifinsa. Hoton dattijon ne ma a jikin faifan. An ɗauki waƙar ranar 26 ga Oktoba 1964 a ɗakin ɗaukar sauti na injiniya Rudy Van Gelder da ke New Jersey, da Joe Henderson a sakso, Carmell Jones a ƙaho, Teddy Smith a bas, Roger Humphries a ganga.

Ginin waƙar ya cancanci a tsaya a kansa. Gaɓa 24 ce (gaɓa ita ce rukunin bugu da ake auna kiɗa da shi), kashi uku masu takwas-takwas: na farko, maimaicinsa, sai na uku daban. A haruffan da ake sa wa sautukan kiɗa, tana kan F ƙarami, ta gangaro Eb, ta sauka Db, ta tsaya cak a C kafin ta koma gida. Tun daga buɗewarta bas da hannun hagu na fiyano suna kai-komo tsakanin F da C, kuma irin wannan kai-komon ne ƙashin bayanta. Brazil na ƙasa, a bugu. Coci na sama, a yatsun dama na Silver, gajerun jimloli masu maimaituwa kamar kira da amshi.

A nan ne masu koyo ke tuntuɓe. Wanda ya saba da waƙoƙi masu gaɓa 32 yakan jira dawowar kashin farko bayan na uku, sai ya tarar an riga an shiga sabon zagaye. Mai ganga kuma idan ya karkata bugun irin na suwin, wato dogo da gajere kamar yadda aka saba a jaz, maimakon ya raba shi daidai wa daida, nan take ƙamshin bossa ya gushe. Mai fiyano da ya cika ado ya binne bas ɗin, alhali shi kunne ke bi.

Wannan kai-komon na bas ya tsallaka har kiɗan rok: da irinsa ƙungiyar mawaƙa Steely Dan suka buɗe waƙarsu Rikki Don't Lose That Number a 1974. Silver kansa ya bi sawun Song for My Father da faifan The Cape Verdean Blues, wanda ya ɗauka a 1965.