Yadda jikinmu ke gane bakteriya tun kafin mu san mun kamu

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma kullum in uwa ta kawo yaro jiki zafi rau abin da take fara cewa shi ne a ba ta abin da zai sauke zafin, shi ke nan ta tafi. To yau ina so mu ɗan leƙa ciki mu ga daga ina zafin nan yake tasowa.

Allah Ya halicce mu da garkuwar jiki iri biyu. Akwai wadda take koyo sannu a hankali, sai ta yi kwanaki, wani lokaci fiye da mako, kafin ta haɗa makamin da ya dace da wata cuta, ita ce riga-kafi ke horarwa. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, wannan ba ta jira, cikin awoyi kaɗan ta tashi. To ta yaya take gane abin da ba ta taɓa gani ba?

Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne sinadarin gado, DNA. Mu muna da shi, bakteriya ma tana da nata, har haruffan da aka rubuta su da su ɗaya ne, guda 4. Amma akwai wani wuri da harafin G ke biyo bayan harafin C, a namu yawanci an ɗora masa wata 'yar alama, a na bakteriya kuwa yawanci babu ita. Kamar dai yadda makiyayi zai shiga kasuwar kara cike da shanu ya duba shaidar da ke jikinsu ya ce wannan tawa ce wannan ba tawa ba. In wasu fararen ƙwayoyin jini suka haɗiye bakteriya suka farfasa ta cikin wata 'yar jaka a cikinsu, akwai mai lura da ke zaune a jakar, sunansa TLR9, da ya ci karo da DNA marar alamar nan sai ya aika saƙo. Masana a Japan ƙarƙashin Shizuo Akira ne suka bayyana wannan a 2000.

Wasu ƙwayoyin cutar kuma suna da wayau, ta tarin fuka na cikinsu, ana haɗiye ta sai ta huda jakar, DNA ɗinta ya zubo cikin ƙwayar jikin. Nan ma akwai mai jira, cGAS, wanda Zhijian Chen da abokan aikinsa a Texas ta Amurka suka gano, aka wallafa a 2013. Shi cGAS ba ruwansa da alama ma, abin da ya sani kawai DNA namu yana da ɗakinsa a tsakiyar ƙwaya, duk wanda aka gani yana yawo a waje to akwai matsala. Sai ya haɗa wani ɗan sinadari da zai tada wani mai kai saƙo da ake kira STING, daga nan gargaɗi ya bazu. Akwai kuma wani mai luran, AIM2, shi in ya kama DNA har ƙwayar jikin take fashewa da kanta don kada cutar ta samu maɓoya, ta saki sinadarin da ake kira IL-1. Wannan da 'yan uwansa su ne ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga zafin jiki. Ga zazzaɓin ke nan, da kasala da rashin cin abinci. Ni wallahi duk sanda na yi tunanin wannan tsari sai na ce Subhanallah.

Abin da nake so iyaye su riƙe, zazzaɓi shaida ce jiki ya ga wani abu, amma ba ya faɗin ko mene ne. Zai iya zama maleriya, zai iya zama bakteriya, zai iya zama bairos, domin shi ma masu lura irin waɗannan suna gane shi. Farasitamol yana sauke zafi yaro ya samu sauƙi, ba laifi a ba shi daidai ƙa'ida, sai dai bai taɓa ƙwayar cutar ba. Haka zuwa kemis a sayo kafso biyu uku a sha a bari, wannan yana ba ni takaici ƙwarai, in bairos ne ba abin da zai yi, in bakteriya ce kuma an koya mata jure magani. Gwajin maleriya na ɗigon jini minti 15 zuwa 20 ne fa.

Kuma ita garkuwar nan tana iya wuce gona da iri. In bakteriya ta bazu a jiki saƙon ya yi yawa, jini ya faɗi, ƙoda da huhu su fara gazawa, mutum na iya tafiya cikin ɗan lokaci. Jarirai sun fi shiga haɗari. Jaririn da bai kai wata 2 ba in ya ƙi kama nono, ko zafinsa ya kai digiri 37.5 a ma'aunin zafin jiki, ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5, ko yana numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ko yana jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana fitar da mugunya, don Allah kada a jira gari ya waye, kuma kada a ce sai an fita arba'in. Maigida, kai ma da kai nake, ka bar izini da kuɗin mota ko ba ka nan.

Mu nan mun san sanƙarau, ba mu manta da abin da ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba. Lokacin zafi in zazzaɓi ya zo da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, asibiti kai tsaye. Tarin da ya kai mako 2 kuma a je a gwada majina, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ɗan zafin jikin da yaro ke yi bayan allurar riga-kafi ma garkuwar nan ce ta lura da abin da aka sa mata, yakan wuce cikin kwana 1 ko 2. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa kaya, in ya wuce haka ko yaron ya galabaita ku dawo mana da shi tare da katinsa.