Waiwaye: Yadda kartar wasa ta koma "littafin asiri"

Duk mai yawo a TikTok ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: hannu biyu a kan tebur, kyandir na ci a gefe, ana baza wasu katuna masu zane, wata murya na cewa in har bidiyon ya iso gare ka to saƙonka ne. Sunan katunan tarot, kuma gardama a kansu ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu harkar na cewa su ba duba suke yi ba, katin madubi ne da mutum ke kallon zuciyarsa a ciki. Malaman addini, na Musulunci da na Kirista, na cewa ko da me aka lulluɓe shi, bokanci sunansa bokanci. Wasu kuma duk ba su ga komai a ciki ba sai hanyar cin kuɗin masu damuwa. A Amurka, binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2025 ya nuna kusan mutum 11 cikin 100 na manya kan duba tarot aƙalla sau ɗaya a shekara, akasarinsu don nishaɗi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, masu yabo da masu suka duk sun yarda da abu guda ba tare da sun bincika ba: wai katunan nan tun asali na asiri ne, daga tsohuwar Masar ta Fir'auna. Tarihi bai ce haka ba.

Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma mafi rinjayen ra'ayi shi ne daga daular Mamlukawa ta Masar da Sham ta fito. Akwai ragowar kartarsu a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul, da zanen kofuna, takubba, tsabar kuɗi da sandunan wasan polo. Manyan katunanta su ne malik da na'ibansa biyu, kuma daga wannan na'ibi, kalmar da mu ma muka aro daga Larabci, ake ganin Sifaniyawa suka samo sunan da suke kiran karta da shi har yau, naipes. Wajen 1440, a fadojin arewacin Italiya irin su Milan da Ferrara, aka ƙara wa kartar wasu katuna 22 masu hoto: Paparoma, Sarki, Masoya, Adalci, Mutuwa, Shaiɗan, Rana, Wata, Wawa da sauransu. Jimilla ta kai 78. Amfaninsu ɗaya ne, su danne sauran katuna a wasa. Haka aka yi ta bugawa sama da shekara 300, kuma har gobe ana buga ta a Faransa da Ostiriya da birnin Bolonya na Italiya, babu kyandir, babu turare.

Inda labari ya juya shi ne birnin Paris, a 1781, kuma a nan ne ya kamata masu gardama su ɗan dakata.

Akwai wani malamin cocin Furotesta mai suna Antoine Court de Gébelin, mutum mai karatu da yawa, wanda ya duƙufa kan wani katafaren littafi, Le Monde primitif. Burinsa ya tabbatar da cewa a farkon duniya mutane na da harshe ɗaya da hikima ɗaya da ta ɓace, sai ɓurɓushinta a tatsuniyoyi da kalmomi. A juzu'i na 8 ya ba da labari da bakinsa: wata rana ya kai wa wata baiwar Allah ziyara, ya tarar tana buga tarot da baƙinta. A lokacin mutanen Paris ba su san wasan sosai ba, don haka hotunan baƙi ne a idonsa. Ya ɗaga kati ɗaya ya duba, nan take ya ce ya gane. In ji shi, cikin rubu'in sa'a an gama bin katunan ɗaya bayan ɗaya, an fassara su, an yanke cewa na Masar ne. Ya ce littafin Thoth ne, abin bautar Misirawan dā mai kula da rubutu, wanda limamansu suka ɓoye a cikin wasa don kada ya salwanta.

Rubu'in sa'a! Bai buɗe wani kundi ba, bai tono wani kabari ba. Har ya fassara sunan, ya ce a harshen Masar "tar" hanya ce, "ro" kuma sarauta, wato hanyar sarakuna. To a 1781 babu mahaluƙin da ke iya karanta rubutun Misirawan dā. Dutsen Rosetta, wanda ya zama mabuɗin karanta rubutun, sai 1799 aka tsinto shi, masani Bafaranshe Champollion kuma sai 1822 ya warware rubutun, kuma da aka warware ba a ga waɗannan kalmomi da wannan ma'ana ba. Ya kuma ce 'yan ƙabilar Roma masu yawo (Gypsies), waɗanda Turawa ke zaton 'yan Masar ne, su suka yaɗa katunan, alhali asalin ƙabilar daga Indiya ne. A cikin juzu'in dai wani marubucin, Comte de Mellet, ya lura cewa katuna masu hoto 22 ne, haruffan Ibrananci ma 22, sai ya ɗaura su da juna.

Ban ga amfanin ɗora wa mutumin laifi ba, domin ga dukkan alamu ya yarda da abin da ya rubuta. Abin dubawa shi ne ƙasar da irin ya faɗa a kai. Turai ta wancan zamani ta fara sanyi da coci, amma ƙishirwar gaibu ba ta bar ta ba. Ƙungiyoyin asiri sun cika manyan birane, komai aka jingina wa Masar sai ya yi daraja, tun da babu mai iya karanta rubutunta balle ya ƙaryata. Da ya ce katunan na attajiran Milan ne da ke kashe lokaci bayan cin abinci, wa zai saurare shi? Mutane ne suka so labarin, kasuwa kuma ta ga abin da suke so.

Ba a jima ba kuwa. Wani ɗan kasuwa a Paris, Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya zama Etteilla, dama yana duba da kartar yau da kullum tun 1770. A 1785 ya wallafa yadda ake duba da tarot, wajen 1789 ya fitar da katunan farko da aka zana musamman don wannan aiki. A tsakiyar ƙarni na 19 marubucin asiri Bafaranshe Éliphas Lévi ya haɗa su da Kabbala, ilimin asiri na Yahudawa. A Landan ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, da aka kafa a 1888, ta ƙara ilimin taurari a kai. A 1909 Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith suka fitar da katunan da aka fi gani a bidiyo yau. Ita ce ta zana wa kowane ƙaramin kati hoton mutane cikin wani hali, shi ya sa ko ɗan koyo zai kalla ya ƙago labari. Shi kansa Waite bai yarda da zancen Masar ba.

Rigar ƙarshe, wadda ake taƙaddama a kanta yanzu, ta ilimin halayyar ɗan'adam ce. Masanin wannan fanni Carl Jung ya ɗan taɓo tarot a zancensa na siffofin da ke kwance a zuciyar kowa, mabiyansa suka faɗaɗa, musamman daga shekarun 1970. Daga nan aka rage cewa "kaza zai same ka", aka koma "me wannan hoton ya tuna maka?" Gaskiya ne hoto na iya buɗe bakin mai nauyin zuciya. Amma a tuna da gwajin masanin halayya Bertram Forer na 1948: ya raba wa ɗalibansa takarda iri ɗaya, kowa na zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai, suka ba ta maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa. Sannan iyakar da ke tsakanin tunani da duba siririya ce. Wanda ya zauna don nazarin kansa, ba a rufe taro sai ya tambaya ko wance za ta dawo. A nan ne malamai ke kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Kati ɗaya ya ishe mu ganin tafiyar duka, na 12, mutumin da aka rataye da ƙafa ɗaya kansa a ƙasa. A Italiya ta ƙarni na 15 kowa ya san wannan hoto, domin haka ake zana maciya amana a bangon gari don a kunyata su, har wasu na kiran katin Maci Amana. Court de Gébelin ya ɗauka masu ɗab'i ne suka kifa shi bisa kuskure, sai ya miƙar da shi tsaye, ya ce alamar taka-tsantsan ce. A katunan 1909 an mayar da shi rataye, amma an sa masa haske kewaye da kai kamar waliyyi. Yau in ya fito a bidiyo, za ka ji an ce lokacin haƙuri ne, ka saki komai, ka kalli rayuwarka ta wata fuska.